Wace na'urar auna lokacin zagaye zan saya?

Dan_Dubai: Salam 'yan uwa, wata mai zuwa zan shiga filin tseren motoci na Dubai Autodrome da 'yar motata karo na biyu, wancan karon abokina ne ya tsaya a bakin titi yana danna min agogon waya, kowane zagaye lissafinsa daban wallahi. Manhajar waya ta isa ko sai na sayi na'ura?

Bakanike77: Wslm. Manhaja irin RaceChrono ko Harry's LapTimer ta isa mai koyo amma matsalar GPS ɗin yawancin wayoyi sau 1 yake karanta inda kake a daƙiƙa, to in kana gudun kilomita 180 a awa ka ci mita 50 kafin ya sake dubawa, ragowar duk kintace ne. Ka haɗa wayar da RaceBox Mini (ɗan ƙaramin GPS ne na daban) ta Bluetooth, shi sau 25 yake karantawa, ka manna shi inda yake kallon sama.

Hajiya_Turbo: Ƙanena kafin ka kashe kuɗinka ka tambayi masu shirya ranar tuƙin a filin tukunna, mu nan Ingila yawanci sun hana auna lokaci saboda inshora. Kuma don Allah ka ɗaure wayar sosai, tawa robar da ke manne ta a gilashi ta saki a tsakiyar kwana ta faɗo wajen burki, ranar na ga tashin hankali.

Dan_Dubai: Subhanallah! To na'urar auna zagayen nan AiM Solo 2 fa Yaya?

Bakanike77: Tana da kyau sai tsada. Ko wacce ka saya dai kife fuskarta in kana tuƙi, in ka fito ka zauna ka duba a wace kwana kake taka burki da wuri.