Bayan cinyata na yawan ɗaurewa in ina wasa

Lamba7: Salam 'yan uwa, dan Allah duk sanda na zura da gudu a fili sai naji bayan cinyata ya ɗaure, meye mafita?

Koci: Wa'alaikassalam ƙanina, wataƙila tsokar wajen ce ba ƙarfi. Ka durƙusa wani ya danne maka idon sawu, ka dinga karkata jikinka gaba a hankali karka lanƙwasa ƙugu har ka tare ƙasa da tafin hannu, shine atisayen da ake kira Nordic, yana cikin FIFA 11+, tsarin ɗumama jiki na 'yan ƙwallo na minti 20, a ƙalla sau 2 a sati. Fara da maimaita Nordic ɗin sau 3 zuwa 5.

Gola: Amma in tana ciwo yanzu karka fara, ga likita tukuna. Kuma wallahi ku daina faɗawa fili ba ɗumama jiki.