Jama'a me za mu kira girish da wurin haihuwarsa da Hausa?

Ɗan Bor Sudan:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina da cigiyar kalma. Shekaranjiya da safe naje kasuwar kifi na tarar masunta sun fito da wani girish (kifin nan da Turawa ke ce wa shark), mai fawa na farke cikin sai ga ƴaƴa guda huɗu sun zubo kan tebur, kowanne da idonsa da jelarsa harda igiyar cibiya wlh, kamar an yanka akuya mai ciki. Na ɗauki hoto na tura wa Inna a Mai Wurno, sai ta aiko murya tana cewa "kai yaro wannan wane irin kifi ne da yake haihuwa, kuma a ina yake haihuwar?" Na buɗe baki in bata amsa da Hausa na rasa. Larabci ne kawai ke zuwa. Toh kalma biyu nake nema, sunan kifin da sunan wurin da yake zuwa ya haihu ƴaƴan su taso.

Malam na Jidda:
Wa alaikumus salam. Na farkon ai ba wahala ƙanena, mu nan ƙirshi muke ji, ku can girish, ƴan Najeriya kuma shak suke cewa a rediyo. A bar shi kifin girish kawai.

Ɗan Bor Sudan:
Malam ai nan gizo ke saƙar, ina ce wa Inna girish ta ce kuɗi? Ita girish ɗin da ta sani shine wanda ɗari ke yin fam ɗaya.

Hajiya ta Gadarif:
Hhhh gaskiyar Inna. Ni da cewa nayi a kira shi tsagen teku, tunda tsage ne mai haƙora a kifayen da muka sani a kogi. Giwan ruwa dai an riga an bai wa wani, karen ruwa ma da mai shi.

Malam na Jidda:
Hajiya tsage ƙaya gare shi, shi kuwa wannan ba ƙashi ko ɗaya a jikinsa, guringuntsi ne zalla. Kuma ba duka ne masu cizo ba, akwai wanda yafi kowane kifi girma a duniya amma ƴan mitsi-mitsin halittun ruwa yake tacewa ya haɗiye. Suna taruwa kusa da Allis kudu da Jidda wajen watan Afrilu da Mayu, yawancinsu ma matasa ne basu gama girma ba. A 1995 an kama mace ɗaya a Taiwan da ƴaƴa kusan 300 a cikinta. Ya za a ce ma wannan tsage?

Hajiya ta Gadarif:
Na janye Malam. Kifin girish ɗin dai, in an sa "kifi" a gaba ba wanda zai laluba aljihu.

Ɗan Bor Sudan:
Madalla. Saura babbar. Na zauna da wani dattijo masunci da yamma yana gyaran koma, yace min uwar bata haihuwa a inda take kiwo, shigowa take bakin gaɓa inda ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, musamman cikin itatuwan shora ɗin nan masu saiwoyi a waje da ƴan lungunan murjani, ta sauke ta juya abinta, bata ko waiwaye. Ƴaƴan su zauna nan wata da watanni saboda manyan kifaye basa iya kutsowa, har manyan girish ɗin kansu da ke cinye ƙanana, ga ruwan da ɗumi ga ƙaguwa da ƙananan kifi sai sun ture. Shi yasa in aka shimfiɗa raga a irin wurin ko aka sare shora an gama da zuri'a, don su ba irin karfasa bane da ke zuba ƙwai rututu, wasu sai sun haura shekara goma kafin su fara haihuwa. Dungunab da Sanganeb na Bahar Maliya a nan Sudan da UNESCO ta saka cikin wuraren gado na duniya a 2016 harda irin waɗannan halittun ake karewa, can Sanganeb ne girish masu kan guduma ke yawo garke guda. Larabawa hadana suke ce ma wurin da ƴaƴan ke tasowa, ni kuma mahayayyafa ce ta zo min amma harshe na harɗewa.

Hajiya ta Gadarif:
Mahayayyafa kam sai ka sha ruwa. Me ya hana mahaifa? Ai muna cewa Sakkwato ce mahaifar kakanninmu. Kuma akwai wani irin girish a tsibirin Bimini na Bahamas da aka tabbatar matan na komawa daidai inda aka haife su su haihu, goyon ciki kenan sak, an tafi gida.

Malam na Jidda:
Mahaifa tayi wa masu haihuwa, amma akwai masu yin ƙwai, ƙwan cikin wata ƴar jaka mai tauri kamar fata, kuma ba duka a gaɓa ba. A 2018 an gano wani fili cike da irin jakunkunan nan a zurfin mita 750 can cikin teku yamma da ƙasar Ailan. Wannan maƙyanƙyasa ce. Sannan inda aka haife ka daban inda ka taso daban, ni a Makka aka haife ni amma Jidda na taso.

Ɗan Bor Sudan:
Toh wurin tasowan fa? Na gwada ma- da tashi sai ta bani matashi, ko saurayi ko na kwanciya.

Hajiya ta Gadarif:
Maraina. Daga raino.

Malam na Jidda:
Wa ke rainon Hajiya, uwar da ta gudu?

Hajiya ta Gadarif:
Ruwan mana Malam, da shorar. Ɗan da uwa ta bari ai duk wanda ya ɓoye shi ya ciyar da shi shine ya raine shi.

Ɗan Bor Sudan:
Na tura wa Inna murya yanzun nan nace kifin girish ne, mahaifarsa bakin gaɓa, marainarsa cikin shora. Bata tambayi ma'anar ko ɗaya ba, cewa tayi wai shi mai fawan yaya ya yi da ƴaƴan huɗun.