Landan zuwa Faris a jirgin ƙasa: bizar Birtaniya ta wadatar?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da taron ƙara wa juna sani na kwana biyar a Landan cikin watan Yuli, kuma bizar Birtaniya ta wata shida ta riga ta fito. So nake in an tashi daga taron in leƙa Faris, babban birnin Faransa, in yi kwana uku, sannan in komo Landan in hau jirgina zuwa Abuja. An ce da ni akwai jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin teku. To, bizar da ke hannuna ta isa? A ina ake yankar tikiti, kuma nawa ne? Akwati biyu gare ni, ana ɗora su a sikeli? Sai kuma lokacin isa tasha, minti nawa ya kamata in ba da kafin tashi? Masu sani a taimaka, Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Malam. Bizarka ba ta isa ba, kuma wannan shi ne abin da za ka fara gyarawa kafin ka kashe ko sisi a kan tikiti.

Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashe 29 na Turai da suka ɗauke shingen iyaka a tsakaninsu. Faransa tana ciki. Mai fasfon Najeriya sai da biza biyu daban-daban. Kada kuma wani ya ruɗe ka da zancen ETA ko ETIAS, wato izinin shiga da ake nema ta intanet, waɗannan na 'yan ƙasashen da aka yafe wa biza ne, ba su shafe mu ba.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne sukan ce bari in na isa Landan sai in je ofishin jakadancin Faransa na can in nema. Ofishin na Landan mazauna Birtaniya yake karɓa, masu takardar zama ko ta karatu. Mai bizar ziyara ana mayar da shi ƙasarsa ne. Saboda haka daga nan gida za ka nema. Ka cike fom a shafin France-Visas, ka samu ranar ganawa a Abuja, a ɗauki hoton yatsunka. Kuɗin biza yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ana iya nema tun saura wata shida tafiya, kuma doka ta ce kada ya gaza kwana 15. A ƙa'ida amsa takan fito cikin kwana 15, amma suna da ikon ja har kwana 45, ga shi Yuli lokacin cunkoso ne. Fasfonka yana hannunsu duk tsawon wannan lokaci. Ka lissafa da kyau, kada son ganin Faris ya sa ka rasa taron da ya kai ka Turai.

Abubuwan da za su duba: fasfo da zai yi saura aƙalla wata uku bayan ranar fitarka daga Faransa, da shafi biyu babu komai a kansu, inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000 kuma take aiki a dukkan yankin Schengen, shaidar masauki, bayanan asusun banki, takarda daga wurin aikinka, da shaidar yadda za ka shiga da yadda za ka fita. Wannan ta ƙarshe tikitin jirgin ƙasan ne da na jirgin sama.

Abu na biyu. Iyakar Faransa a cikin Landan take. Kafin ka taka jirgin a tashar St Pancras, 'yan sandan iyaka na Faransa ne za su karɓi fasfonka. Wanda ba shi da biza a nan tafiyarsa take ƙarewa, bai ma ga tarago ba, kuma kamfanin ba ya ɗaukar laifin. A dawowa ma haka, jami'an Birtaniya suna zaune a tashar Gare du Nord ta Faris. Ka duba bizarka ta Birtaniya ka tabbata ta shiga da yawa ce. Ta ziyara ta wata shida galibi haka take, amma ido ya gani ya fi. Ka riƙe takardar gayyatar taron da tikitin komawa Abuja a jakar hannu, don sukan tambaya.

Injiniya, PZ:

Yaya Baban Khalifa ya gama da biza. Ni bari in ɗauki jirgin.

Sunansa Eurostar. Kada ka haɗa shi da LeShuttle, wanda motoci yake ɗauka daga Folkestone zuwa Calais, ba ya ɗaukar mai tafiya a ƙafa. Eurostar yana tashi daga St Pancras International ya sauka Gare du Nord, tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari, cikin kimanin awa biyu da minti 20. Ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku an buɗe shi a 1994, tsawonsa kilomita 50 da 'yan kai, kusan 38 daga ciki ƙarƙashin ruwa. A fili jirgin yakan kai gudun kilomita 300 a awa, a cikin rami ya rage zuwa 160, ya ratsa shi cikin minti 20 ko sama kaɗan. Ba za ka ga ruwa ko kifi ba, duhu ne kawai a taga, a cikin dutse aka haƙa shi.

Tikiti ka saya a shafin Eurostar ko manhajarsu, kai tsaye. Farashi ba tsayayye ba ne, yana hawa ne gwargwadon yadda kujeru ke ƙarewa. Mafi araha yana farawa daga wajen fam 39 zuwa kawai, amma sai wanda ya saya da wuri sosai. Wanda ya bari sai ana gobe tafiya a Yuli zai iya biyan fam 200 ko fiye a kan kujera iri ɗaya. Talata da Laraba da tsakar rana sun fi sauƙi. Yammacin Juma'a da na Lahadi su ne masu tsada. Aji uku ne, Standard da Plus da Premier. Standard ya ishe ka, tafiyar ba ta kai ta jin yunwa ba.

Za ka ce yaya zan saya da wuri alhali biza ba ta fito ba? Tikitin Standard ana iya sauya masa rana ko lokaci har saura awa ɗaya tashi, ka biya bambancin farashi kawai. Ana kuma iya fasa shi in da sauran kwana bakwai ko fiye, a cire fam 25 a mayar maka da ragowar. Ke nan ka saya yanzu, ka sa shi cikin takardun neman biza. In ba ta fito ba, asararka ƙarama ce, muddin ka fasa kafin kwana bakwan nan su shiga.

Wajen biya, katin naira yakan ƙi saboda iyakar da bankuna ke sawa kan sayayyar waje. Katin asusun dala ya fi tabbas. Kuma ka biya tun kana gida, inda lambar tabbatarwa da banki ke turowa za ta shigo layinka ba wahala. Bayan ka biya sai ka shigar da bayanan fasfonka a shafin, in ba haka ba tikitin ba zai fito ba. Suna ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. Ka ajiye shi a waya, ka kuma buga shi a takarda.

Yanzu lokacin isa. A nan ne ake yawan rasa jirgi, don mutum yana ganin jirgin ƙasa ne, kamar na Rigasa zuwa Idu, zai zo a ƙurarren lokaci ya faɗa ciki. Ƙofar shiga ana rufe ta saura minti 30 tashi. Ka iso da saura awa ɗaya da rabi. Za ka nuna tikiti a ƙofa, a haska kayanka a na'ura, a duba fitarka daga Birtaniya, sannan 'yan Faransa su duba shigarka. Tun Oktoban 2025 kuma Tarayyar Turai ta fara tsarin EES na ɗaukar hoton fuska da yatsu a iyaka, an jera na'urorinsa a St Pancras, wanda ya ƙara wa layi tsawo. Mai fasfon Najeriya layin jami'i yake bi, wanda ya fi na ƙofar lantarki jinkiri.

A zauren jira, fasinjojin Faris da na Brussels da na Amsterdam duk wuri ɗaya suke zaune. Kada ka tashi don ka ga jama'a sun tashi. Lambar jirginka za ka duba a allo. Sabbin jiragen tarago 16 gare su, tsawonsu ya kai mita 400, kujeru wajen 900, don haka lambar taragonka ita za ta nuna maka matakalar da za ka hau. Wanda ya kuskure zai ja akwati biyu tsawon filin ƙwallo uku ko huɗu.

In jirgi ya yi lattin awa ɗaya zuwa ƙasa da biyu, kana da hakkin kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikitin. In ya kai awa biyu, rabi. Ba sa turowa da kansu, sai ka cike fom a shafinsu.

Maman Ummi, Gyallesu:

Sannu Malam. Akwatunanka biyu ba matsala. Babban mutum a Standard yana da jaka biyu da ba su wuce santimita 85 a tsawo ba, da jakar hannu ɗaya. Ba a auna nauyi, amma babu ɗan dako, kai za ka ɗaga abinka zuwa kan na'ura, kai za ka ɗora a kanta a bakin tarago. Ka liƙa suna a kowace. Ruwan sha da turare da man shafawa duk suna wucewa, babu dokar ƙaramar kwalba irin ta filin jirgin sama. Shawarata ma, tunda Landan za ka komo, ka roƙi otal ɗinka su ajiye maka babba, ka tafi da ƙarama. Tashoshin metro na Faris, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin gari, da yawa matakala ce zalla.

Maganar guzuri ita ce ta fi damuna da mutanenmu. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk abin da nama ne ko nono, haramun ne a shiga da shi Birtaniya daga Najeriya, haka kuma ba a shiga da shi Tarayyar Turai daga Birtaniya. Ko an naɗe shi da kyau, ko na tsaraba ne, in an gani za a ƙwace, wani lokaci har da tara. Kuɗi a hannu kuma in ya kai yuro 10,000 sai an bayyana wa kwastan.

In ka sauka Gare du Nord babu sauran bincike, fita kawai za ka yi. Amma tasha ce mai cunkoso ƙwarai, kuma 'yan sane sun san fasinjan Eurostar. Fasfo da waya a aljihun gaba. Duk wanda ya tare ka a dandamali yana cewa tasi, ko yana so ya taya ka sayen tikiti a na'ura, ka wuce. Tasi na gaskiya suna layi a waje, da fitila a saman mota da mita a ciki. Metro layi na 4 da na 5 da jiragen RER B da D, masu fita har wajen gari, duk suna ƙarƙashin tashar. A Landan katin banki kake dangwalawa a ƙofa ka wuce, a Faris ba haka ba ne, sai ka sayi katin Navigo Easy na yuro 2 ka loda masa tikiti, kowace tafiya wajen yuro biyu da rabi.

Abincin halal ba ya wuya a wannan unguwa. Tasha biyu kacal a layi na 4 za ka isa Château Rouge, kasuwar 'yan Afirka. Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, yana kusa da tashar Place Monge a layi na 7. Ka tafi da adafta, don soket ɗin Birtaniya irin namu ne mai baki uku, na Faransa kuwa mai zagayayyun ramuka biyu.

Ɗan Samaru:

Madalla, Allah ya ƙara sani. Hajiya, kilishin ya fita daga lissafi. Saura ɗaya: jirgina na Abuja daga Heathrow yake tashi da dare. Zan iya baro Faris da yammacin ranar in wuce filin jirgi kai tsaye?

Injiniya, PZ:

Kana iyawa, amma ban ba ka shawara ba, Malam. Tikitin Eurostar da na jirgin sama ba su san juna ba. In aka samu yajin aiki a Faransa ko matsalar lantarki a rami, kamfanin jirgin sama zai ce ba ka zo ba ne kawai, sabon tikiti za ka saya. Ka dawo ana gobe, ko ka hau na sassafe yadda za a sami jirage da yawa a bayansa.

Lissafin agogo ma ka kiyaye. A Yuli agogon Landan daidai yake da na Zariya, na Faris yana gaba da awa ɗaya, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da ake magana ne. In ka tashi Landan ƙarfe goma na safe, za ka sauka wajen ɗaya da minti 20. In ka baro Faris ƙarfe huɗu na yamma, biyar da minti 20 kana St Pancras. Daga nan layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana zuwa Heathrow ba canji, kusan awa ɗaya, amma ka duba allon gaban jirgin, don ba kowanne ne ke zuwa kowace tashar filin ba. A Gare du Nord kuma wurin shiga Eurostar a bene yake, ba a ƙasa inda ka sauka ba.

Baban Khalifa, Tudun Wada:

Ni da za a bi tawa, Injiniya, da ba zai komo Landan ba sam. In tikitin jirgin saman yana karɓar canji, ya tambayi wanda ya yankar masa nawa ne a mayar da dawowar daga Faris. RER B daga Gare du Nord yana zuwa filin jirgin Charles de Gaulle kai tsaye, wajen rabin awa ko sama kaɗan, da tikitinsa na musamman wanda ya fi na metro tsada. Ya huta da kuɗin Eurostar na dawowa, da kwanan otal ɗaya a Landan, da sake tsayawa gaban jami'an Birtaniya. Sai dai a wannan tsari akwatunan biyu dole su bi shi Faris, saɓanin shawarar Hajiya. In kuɗin canjin ya fi abin da za a tsira da shi, to ya bi naka lissafin ya dawo ana gobe. Ko wanne ya zaɓa, ya yanke kafin ranar ganawarsa a Abuja, don ranakun da ya rubuta a fom su ne za a duba wajen ba shi bizar.