Harsuna a Sujada: Dole Ne Sai da Mai Fassara?

Ishaya (Samaru): Jama'a, ni dai ra'ayina ke nan: duk wanda ya karɓi makirufo ranar Lahadi a coci ya yi ta zuba harsuna, wato magana da baƙin harsuna ta baiwar Ruhu Mai Tsarki, babu mai fassara, ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki. 1 Korintiyawa 14:27-28 ba ta bar wata kafa ba. Mutum biyu, in sun yi yawa uku, ɗaya bayan ɗaya, wani ya fassara. In babu, ya kama bakinsa a taro, ya yi tsakaninsa da Allah.

Rifkatu (Sabon Gari): Ɗan'uwa, ka ƙarasa surar mana. Aya ta 39 ta ce kada a hana yin harsuna. Manzo Bulus kansa, a aya ta 18, ya gode wa Allah don ya fi su duka yin harsuna.

Ishaya: Ayar da ke biye fa? A ikilisiya gara masa kalma biyar da za a gane da dubu goma da ba a ganewa.

Baba Dauda (Wusasa): 'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Su Dakta Miller, ɗan mishan ɗin nan, sun yi shekaru suna fama kafin Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, don manomi ya ji Maganar Allah da harshensa. Kwanan baya jikata ta kai wata gyatuma addu'ar dare. Ganguna na tashi, mai jagora ya rufe ido yana ta yi, ita kuwa tana zaune rungume da littafin waƙoƙinta a cikin leda. Can ta taɓa yarinyar ta ce, "Ke, yaushe za mu ce amin?" Abin da aya ta 16 ke faɗa ke nan.

Rifkatu: Baba, da girmanka, wannan laifin mai jagora ne. Amma in aka ce kowa ya yi addu'a, ni da Ubangijina nake magana, aya ta 2 ta shaida. Wa zan nemo ya fassara wa Allah?

Yakubu (Tudun Wada): Ranar Fentikos, da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa manzanni, ba a nemi tafinta ba. Larabawa da mutanen Masar kowa ya ji yarensa. Ni a ganina baiwar ta wuce tare da manzanni, na yanzu daga taron farkawa na titin Azusa a Amurka ya bazu a 1906.

Ishaya: A'a Malam Yakubu, nan kam ban bi ka ba. Baiwar tana nan, tsari kawai nake nema. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu sa sababbin tuba a gaba, wai su maimaita sauti har bakinsu ya buɗe. Alhali 1 Korintiyawa 12:30 ta nuna ba kowa aka ba ba.

Rifkatu: Wannan kam ni ma ba na tare da su. To amma in wani ya miƙe ya ce ga fassarar, wa zai tabbatar ba daga kansa ya ƙago ba?

Baba Dauda: Wannan sai mu kai wa Rabaran bayan sujada. Ki zo da Littafinki.