Neman shawara: ɗalibaina sun haddace sunayen salo, amma sun kasa cewa komai a kan waƙar

Malamar aji biyu:
Assalamu alaikum iyaye da yayye malamai. Wata huɗu ke nan da aka ba ni darasin adabin Turanci a aji biyu na babbar sakandare, ga shi na zo inda ya fi ƙarfina. Na ɗauko waƙoƙi biyu na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Birtaniya daga 1837 zuwa 1901: "Crossing the Bar" ta Alfred Tennyson da "Binsey Poplars" ta Gerard Manley Hopkins. Dukkansu sun taɓa shiga jerin waƙoƙin WAEC, shi ya sa na zaɓe su don horo. Na ce yara su yi nazarin harshe da zubi da tsari. Abin da suka kawo mini kusan iri ɗaya ne: jerin sunayen salo, kowanne da misali guda, shi ke nan. Wata yarinya mai ƙoƙari ta biyo ni bayan an tashi ta ce, "Malama, na gano maimaici a waƙar, to sai me zan ce?" Tambayar ta tsaya mini a rai, don ni ma haka aka koyar da ni. Don Allah ku taimaka mini, ta ina zan kama?

Tsohuwar malamar adabi, Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Yarinyar nan ta yi miki tambayar da duk darasin ya rataya a kanta, ki riƙe ta hannu bibbiyu.

Ki fara da ta Tennyson, ta fi sauƙi. Amma kafin ki buɗe littafi, ki zana musu abin da kalmar "bar" take nufi a allo, domin yawancin yaranmu ba su taɓa ganin teku ba. Tudun yashi ne da ke taruwa a bakin mashigar tashar jiragen ruwa. Jirgin da ya tsallake shi ya bar gida, ya shiga babban teku. Idan suka gane wannan, kuma kika gaya musu dattijon ya rubuta ta a 1889 yana da shekara 80, ya rasu a 1892, kuma ya roƙi a riƙa sanya ta a ƙarshen littattafan waƙoƙinsa, da bakinsu za su ce miki maganar mutuwa ake yi.

Sai ki sa su dubi surar waƙar kawai, kamar mai duban gini daga nesa. Baiti huɗu, kowanne ɗango huɗu, na ɗaya yana amsa amon na uku, na biyu na huɗu. Ɗangogin ba tsayinsu ɗaya ba, wani ya miƙe, wani ya janye. Ki tambaye su: me ke miƙewa ya janye a bakin teku? Daga nan ki sa su ajiye baiti na ɗaya kusa da na uku. Na ɗaya ya buɗe da faɗuwar rana da tauraron yamma, na uku da almuru da ƙararrawar yamma, sannan duhu. Lokaci ya matsa, dare ya ƙara kusantowa, amma muryar mai maganar ba ta girgiza ba. Wannan shi ne tsari, kuma yaron da ya iya faɗar haka ya yi nazari ko da bai ambaci sunan salo ko ɗaya ba.

Malamin Hausa, Gusau:
Malama, ki leƙo ajinmu ki ari kayan aiki. Yaran da ke ɗaukar Hausa sun riga sun san jigo da warwararsa, sun san baiti da ɗango da amsa-amo, sun san ƙwar biyu da ƙwar huɗu da ƙwar biyar, wato yawan ɗango a baiti. Sun san gangara, wato magana ta faro a wani ɗango ta ƙare a na gaba, da saɓi-zarce idan ta ƙetara zuwa wani baitin. Sun san ƙarangiya, wato maimaita sauti iri ɗaya a kalmomi masu bin juna. Abin takaici, sai su shiga ajin Turanci su ajiye duk wannan a bakin ƙofa kamar takalmi. Ki tuna musu cewa a 1837, shekarar da Biktoriya ta hau gadon mulki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu, kuma 'yar uwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya. Waƙar Hopkins ma marsiyya ce, sai dai itatuwa ya yi wa.

Wuri ɗaya zan ja kunnenki, shi ne kari. Rubutacciyar waƙarmu tana auna gaɓa da nauyinta, doguwa ko gajeriya, bisa arulin Larabawa. Ta Turanci kuwa tana ƙirga inda murya ta danna da ƙarfi. Idan yaro ya auna waƙar Turanci da ma'aunin Hausa zai ɓata. Ki sa su buga tebur a duk inda murya ta danna.

Malami, Kaduna:
Ni dai ina ganin ana wahalar da kai. Lokaci kaɗan ne, ga littattafan zube, ga wasan kwaikwayo. Ki ba su taƙaitaccen bayani su haddace, jigo uku da salo biyar a kowace waƙa. Da haka nawa suke ci.

Tsohuwar malamar adabi, Zariya:
Malam, ban raina ƙoƙarinka ba, na san matsin da ake ciki. Amma akwai waƙar da ake kawowa a jarrabawa wadda yaro bai taɓa gani ba. A nan hadda ba ta da abin yi masa.

Ƙanwata, ga yadda nake bi da ta Hopkins. Shi limamin Katolika ne, ya rubuta ta a 1879 bayan ya tarar an sare jerin itatuwan da ke bakin kogi a ƙauyen Binsey, kusa da Oksfod. Kafin karatu nakan tambayi aji: wa aka taɓa sare wa bishiyar da ya saba zama ƙarƙashinta? Hannuwa kan tashi, wani kukar unguwarsu, wani darbejiyar ƙofar gida da aka kayar don faɗaɗa hanya. Sai in karanta ɗango na uku da ƙarfi, inda kalmar "felled", wato an sare, ta zo sau uku. Ba na cewa komai, sai in sake karantawa. Kullum akan sami wanda zai ce, "Kamar saran gatari." Ga amsar ɗalibarki nan. Maimaicin ya sa kunne ya ji saran, kuma ya nuna mutumin da ya kasa yarda da abin da idonsa ya gani.

Ki nuna musu kuma baitin farko ɗango takwas ne, na biyu goma sha shida. Na farko kukan waɗannan itatuwan ne, na biyu ya faɗaɗa zuwa ɓarnar da ɗan Adam ke yi wa ƙasa baki ɗaya, har ya kamanta ta da ƙwayar ido, wadda tsini ɗaya ya isa ya tsiyayar. A ƙarshe kalmomi uku zuwa huɗu yake ta juyawa, kamar mai makoki da maganarsa ta ƙare amma bakinsa ya ƙi yin shiru.

Ƙa'idata a aji ita ce, duk wanda ya ambaci salo sai ya ƙara da "wannan ya sa mai sauraro ya ji..." ya cike da kansa. Wanda bai cike ba bai gama jimlarsa ba.

Malamar aji biyu:
Allah ya saka da alheri, Hajiya, da ku Malamai. Jiya na gwada karatu da ƙarfi da bugun tebur. Yarinyar nan ce ta fara lura cewa ɗangon "Not spared, not one", wato ba a bar ko ɗaya ba, ya gajarce ƙwarai, ta ce shi ma kamar an sare shi. Na sa ta rubuta shi a allo da hannunta. Abin da ya rage mini shi ne karin Hopkins, bugun yaran ya ƙi daidaita a kansa.

Malamin Hausa, Gusau:
Ba laifin yaran ba ne, Malama. Hopkins da gangan ya bar karin da aka saba. Yana ƙirga gaɓoɓin da aka danna kawai, marasa ƙarfin da ke tsakaninsu ko nawa ne bai damu ba. Ki koma kan ta Tennyson su saba da bugun tukuna, mako mai zuwa sai ki dawo da su Binsey.