Fargaba, ciwo mai daɗewa da fama da ƙuruciya: abin da aka ce

An yi wata tattaunawa kan yadda matasa masu ciwo mai daɗewa za su shawo kan fargaba. Na bi maganganun tun daga farko, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya ce a fara da ganin likita. Bugun zuciya da rawar hannu ba kullum fargaba ba ce. Ƙarancin jini, matsalar tayirod (wata halitta a gaban wuya da ke fitar da sinadarai a jiki) da wasu magungunan asma duk suna kawo irinsu.

2. Hanyar CBT, wato jinya ta hanyar tattaunawa, ta fi samun goyon baya. Zama ne da ƙwararre, galibi sau ɗaya a mako, a koya maka kama tunanin da ke tayar maka da hankali ka auna shi, sannan ka tunkari abin da kake gudu kaɗan-kaɗan. Wata mai sikila ta ce kullum tana jin ciwon zai tashi tana tsakiyar jarrabawa. Da ta fara rubuta tsoron a takarda, gefe guda kuma abin da ya faru a zahiri, sai ta ga tazarar. Wannan ya tsaya mini a rai.

3. Kan shan maganin fargaba aka rabu. Wasu sun ce shi ya dawo musu da barci, wasu na tsoron sabo da shi. An dai haɗu a kan cewa wani maganin yakan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi lokaci guda ba da sanin likita ba.

4. Shin a faɗa wa iyaye ko wurin aiki halin da ake ciki? Ba a daidaita ba.

5. Wanda tunanin cutar da kansa ya zo masa, ya nufi asibiti a ranar.