Tankin murjani a Gombe: in zuba yashi ko in bar ƙasan haka?

Abban Safiya, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi, yanzu kuma raina ya koma kan na teku da murjani, wato halittar teku mai rai mai kama da dutse ko tsiro. Na samu tankin gilashi mai cin lita 200, gishirin haɗa ruwa da duwatsun murjani suna hanya daga Legas. Ƙasan tankin ne ya tsaya mini a rai. Ni dai ina son farin yashi, in babu shi sai in ga kamar ɗaki ba shimfiɗa. Amma yashin aragonite, wato farin yashin da ake sayarwa don tankin ruwan teku, na da tsada, ga kuɗin mota saboda nauyinsa. Zan iya wanke yashin kogin Dadin Kowa in zuba? Ko in haƙura da yashin baki ɗaya?

Baban Yusra, Bauchi:
Wa'alaikumussalam Malam. Don Allah kar ka kusanci yashin kogi. Aragonite asalinsa ɗaya da ƙashin murjani, shi ya sa yake zama lafiya da ruwan teku. Na kogi kuwa ba ka san me ya kwaso ba, laka ce, takin gona ne, ko burbushin ƙarfe, kuma murjani ba ya jure irin wannan.

Nawa tankin ba yashi ko ɗigo. Dalilina wuta ne. Yashi mai kauri, kamar santimita 10 zuwa sama, gida ne na ƙwayoyin bakteriya masu rage naitret (sinadarin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci), wannan gaskiya ne. To amma su ma suna shaƙar iskar da kifi ke buƙata. A ɗauke wuta a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40 a waje, famfon juya ruwa ya tsaya, ruwan ɗumi kuma dama ba ya riƙe iska sosai. Kafin gari ya waye kifi na haki a saman ruwa. In kuma ka tono ƙasan yashin ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, guba ce ta taso. Da ƙasa fayau, duk kashin kifi da ragowar abinci ina ganinsu sun taru a lungu, in zuƙe da tiyo. Famfo ma ina buɗe shi da ƙarfi, ba abin da zai tashi ya rufe murjani.

Maman Ilham, Jekadafari:
Baban Yusra ya faɗi gaskiya, sai dai kifin da za ka saka shi ne zai yanke hukunci. Kifin clown, mai ruwan lemo da farin zane, bai damu da yashi ba. Amma wasu kifaye irin wrasse cikin yashi suke nutsewa su kwana, wasu goby kuma tace shi suke yi da baki su samu abinci. Hana su yashi zalunci ne. Ni santimita 2 na shimfiɗa, ina zuƙe dattinsa duk lokacin canjin ruwa, ga kyau ga sauƙi.

Abban Safiya, Tumfure:
Allah ya saka da alheri. Clown biyu da murjani masu laushi zan fara da su, don haka yashin zai jira, kuɗinsa ya tafi ga batir da sola. Baban Yusra, da me kake riƙe ruwanka a digiri 26 lokacin bazara, fanka kawai ko sai da na'urar sanyaya ruwa?